Yadda Kofur Buba Ya Shiga Shagon Walda

Ran nan wasu samari masu aikin ɗaukar ɗalibai suka zo gaishe ni a gida, nan unguwar Makama a Yola. Ana cikin hira sai ɗayansu ya ce wai aikin nasu ba wani abu ba ne: a duba takardun yaro, in sun cika a buga masa hatimi, in ba su cika ba a ce ya dawo baɗi. Na tambaye shi wa ke koyarwa a sashen da aka fi rububi a makarantarsu, kuma yaya mutumin yake koyarwa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan ba aikina ba ne." Ban ga laifinsa ba, haka ya tarar ana yi. Amma ni a daidai wannan wurin aikina yake, don haka ku gyara zama ku ji.

Shekarar da aka samu 'yancin kai na fara aiki a wata makarantar koyon sana'a a Jimeta, ina ƙaramin akawu a ƙarƙashin Malam Hayatu, mai kula da ɗaukar ɗalibai. Kullum a keke nake zuwa daga Yola gari, in damina ta yi ƙarfi in naɗe wando in tura keken a cikin taɓo. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai tafireta ɗaya mai nauyi wadda harafi ɗaya nata ke maƙalewa sai an ɗago shi da farce, da takardar kabon da muke juyawa har ta yi fari, da hatimi da ɗan akwatin tawadarsa, da fayil-fayil masu igiya, da kabad ɗin ƙarfe wanda muke ɗora ƙafafunsa a kan gwangwanayen kananzir saboda gara. Ƙararrawar makaranta kuwa tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce da aka rataye a dalbejiyar da ke bayan tagar ofishinmu. In aka buga ta, har cikin haƙori kake ji.

Ranar farko na ja kujera na zauna gaban tafireta ina ɗoki. Malam Hayatu ya ɗauko ƙyalle ya rufe ta.

"Ba yau ba, Usmanu," in ji shi. "Tafi shagon kafinta ka ce ni na turo ka. Abin da suka sa ka, ka yi."

Shago muke kiran kowane sashe: na kafinta, na gini, na famfo, na lantarki, na kanikanci, da na walda da ƙira. Haka na yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya har damina ta ƙare. Na ɗauki katako, na kwaɓa siminti, na wanke sifana da fetur. Daga nan ya tura ni kicin, ya tura ni wajen Madam Rahila mai kula da ɗakin shan magani. Da na gaji na ce masa ni fa akawu aka ɗauke ni, sai ya ce, "Uba zai zo ya miƙa maka ɗansa ya ce ina ya dace da shi. In saninka bai wuce abin da ke rubuce ba, me ka fi allon sanarwa da shi? Sunan darasi kowa ya iya karantawa. Kai mutumin da ke koyar da shi za ka sani."

Uba na farko da Malam Hayatu ya bari na yi magana da shi ni kaɗai wani mai sayar da yadi ne daga babbar kasuwar Yola. Gini yake so a sa ɗansa, don ya ga ana ta yin sababbin ofisoshi. Ina hira da yaron ya ce mini ko bishiyar mangwaro bai taɓa hawa ba, kansa juyawa yake. Ni kuwa na san malamin gini tun shekara ta farko yake hawar da ɗalibansa kan katakon da ake kafawa jikin bango, kuma ba ya lallashi. Na gaya wa uban haka, na kai su shagon famfo suka gani da idonsu. Can yaron ya zauna, ya kuma gama lafiya. Iyaye iri-iri ne. 'Yan kasuwa kanikanci suke so ko ta halin ƙaƙa. Malamai na cikin gari su fara da tambayar ko ana tashi sallar azahar a kan lokaci. Mutanen gefen gari su tambaya ko hutu zai zo daidai da girbi. Duk wanda ka ba shi amsar da ba ka tabbatar ba, zai dawo ya same ka, kuma a masallacin Juma'a za ku haɗu.

Muguwar shekararmu ita ce wadda ƙasa ta rikice, gab da yaƙin basasa. Malamanmu 'yan Gabas suka tattara iyalansu suka tafi cikin 'yan kwanaki. A cikinsu akwai Mista Eze na shagon lantarki, wanda shi ya koya mini bambanta wayar wuta da wayar ƙasa. Mu muka raka su tasha, kuma ban sake jin labarinsa ba. Aka kulle shagon lantarki, na famfo ya koma hannun mataimaki. A takarda duk sassan suna nan, don haka iyaye suka yi ta zuwa da 'ya'yansu. Malam Hayatu ya ƙi rubuta ko mutum ɗaya a lantarki. Ya kan ɗauki makulli ya kai uba ya buɗe masa shagon ya ce, "Ga benci, ga waya, ba malami. Ba zan karɓi ɗanka ya zo ya zauna yana kallon bango ba." Wasu suka gode, wasu suka fita suna faɗa. A shekarar ɗaukar tamu ta ragu ƙwarai, har ana raɗe-raɗin za a rufe makarantar. Ba a jima ba aka ƙirƙiro jihohi, takardun da a da ke zuwa mana daga Kaduna suka koma zuwa daga Maiduguri, aka ɗauke Malam Hayatu zuwa can, ofis ya dawo hannuna.

Aikin da nake so ku riƙe shi ne na Kofur Buba. Bayan an gama yaƙi aka ba mu izinin ɗaukar sojojin da aka sallama, ko da shekarunsu sun wuce ƙa'ida. Amma damar sau ɗaya ce, kuma dokarmu ita ce wanda ya faɗi jarrabawar zangon farko ya tafi ke nan. Wata safiya a tsakiyar zafin bazara wani dogon mutum ya shigo da tsohuwar rigar kaki, wata tsohuwa na biye da shi. Mahaifiyarsa ce, Dadda Asta, daga Yolde Pate. Muka gaisa da ita da Fillanci, na ba ta tabarma, shi kuma ya zauna a kujera ya ɗan karkato mini gefen damansa.

"Kanikanci nake so, Malam," ya faɗa da ƙarfi, kamar muna tsallaken titi da juna. "A soja ni ke bin manyan motoci. Taya, birki, duk na sani."

Takardunsa ba abin da ya rage. Da hatimi ne aikin, da mun gama kafin ruwan da na ba su ya huce. Amma na lura bakina yake kallo, ba idona ba. Ana cikin haka aka buga ƙararrawar shan iska a bayan taga. Ni da na saba sai da na ɗan zabura, Dadda ta dafe ƙirji. Shi ko ƙiftawa bai yi ba. Dadda tana daga bayansa ta taɓa kunnenta da yatsa, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Na ce masa ya fita ya zaga makarantar ya ga wuri. Yana fita ta matso.

"Malam, wani abu ne ya fashe kusa da motarsu. Kunnen hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Ba ya so a faɗa. Tun da ya dawo yana zaune gindin bishiya, ga mata ga jariri, ba ya kula kowa. Wannan makaranta ce kaɗai na ji ya ambata da bakinsa. Ka rufa mana asiri."

Na ce, "Dadda, ba zan ce miki an gama ba. Ki ba ni kwana kaɗan."

Ga abin da na sani wanda ba ya cikin fayil. Malam Garba na shagon kanikanci, jikan Kanawan da suka daɗe a Yola gari, gwani ne na gaske, amma kansa a cikin inji yake koyarwa, ɗalibai na bayansa, bakinsa bai hutawa. Wanda bai ji ba ya rasa. Jarrabawarsa ta farko kuwa ita ce ya tada mota ya ce ka saurara ka faɗi ciwonta. Na same shi wajen alwala da azahar na gaya masa komai.

"Akawu, ka san ni," in ji shi. "Ko na so ba zan iya juyowa ina wa mutum ɗaya magana ba. Bar ma wannan. Ranar da jak ya zame yana ƙarƙashin mota aka yi ihu a fito, wa zai ji masa?"

"Gaskiya ne. Amma in ni na gaya masa, zai ce akawu me ya sani. Kai zai yarda da kai."

Ya shafa gemu, sannan ya ce in kawo shi washegari lokacin shan iska, sa'ad da ɗalibai ba sa nan.

Haka aka yi. Malam Garba ya fara ba shi taya ya cire, ya cire ta tsaf, ya jera notuna a ƙasa yadda ya kwance su. Sannan ya tada tsohuwar motar da suke koyo da ita ya ce, "Saurara. Me ke damunta?" Ni da nake bakin ƙofa ina jin wani ƙwas-ƙwas a cikin injin. Buba ya sunkuya, ya kara kunnen dama, ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Lafiyarta lau."

Malam Garba ya kashe motar. Ya goge hannu, ya zo ya tsaya daidai gabansa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗalibi ba, ya yi magana a hankali.

"Kofur, hannunka na makanike ne, wallahi. Amma wannan aikin rabinsa kunne ne. In na karɓe ka na cuce ka."

"Ni ba kurma ba ne!" in ji Buba. Ya ajiye sifana a kan benci, ya fita. Ko ofis bai biya ya karɓi takardunsa ba.

To a nan ne mai hatimi zai ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ni kuwa tunanina yana shagon walda da ƙira, wajen Mista Filibus, wani gajeren mutumin Numan wanda magana ke yi wa wuya. A shagonsa in guduma ta fara sauka a kan farantin ƙarfe ba wanda ke jin wani. Don haka tun da can da hannu yake koyarwa: ya dafa kafaɗarka, ya ja layi da alli a kan ƙarfe, ya nuna da yatsu. Na yi makonni a shagon lokacin da nake koyo, kuma ban tuna ya yi mini jimla mai tsawo ba.

Matsala biyu ce. Ta farko, gurbin walda ya cika. Wannan Madam Rahila ce ta warware, ba tare da ta san tana warwarewa ba. Na saba leƙa ta duk lokacin ɗauka in tambayi abin da ta gani a gwajin lafiya. Ta ce akwai ɗaya daga cikin waɗanda aka ware wa walda mai ciwon ƙirji, hayaƙi zai wahalar da shi, tana shirin zuwa ta same ni. Na kira uban muka yi magana, aka mai da yaron famfo, kowa ya yarda.

Ta biyun ta fi wuya. Ƙanen Mista Filibus ya tafi yaƙin bai dawo ba. Na je masa gaisuwa har gida, na ga halin da ya shiga. Da na kawo masa maganar Buba sai ya girgiza kai.

"Akawu, ba na so soja a shago na. In na gan shi, zan tuna."

Ina iya zuwa wajen firinsifal a ba shi umarni. Amma na san Filibus: in aka tilasta masa zai karɓa, ya nuna wa mutum benci, ya manta da shi har zango ya ƙare. Sai na ce, "Oga Filibus, ban ce ka ɗauke shi ba. Ka bar shi ya zauna ya yi kallo wuni ɗaya. In ka ce a'a, ba zan sake tada maganar ba."

Ya daɗe yana juya alli a hannu. "Kallo kawai," in ji shi.

Ranar Asabar da safe na hau keke zuwa Yolde Pate. Na tarar da Buba gindin bishiya kamar yadda Dadda ta faɗa. Bai tashi ba. Na jingine keke, na zauna a ƙasa daidai gabansa inda zai ga bakina.

"Kofur, akwai wani shago a makarantarmu wanda duk wanda ya shiga kurma yake zama, har malamin."

Ya ɗaure fuska, yana zaton ba'a nake. Na kwatanta masa yadda wurin yake, na ce ban yi masa alkawarin komai ba, malamin ma bai amince ba tukuna. Ya ce shi ba maƙeri ba ne, ba a ƙira a gidansu. Na ce motocin da yake so ɗin, in sun tsage wa ke ɗinke su? Dadda ta kawo mini nono a ƙwarya ta yi godiya da Fillanci ta ce, "Useko, Malam," na sha na tafi ban san ko zai zo ba.

Ran Litinin sai ga shi ya zo. Na kai shi shagon na nuna masa benci a gefe, na tsaya bakin ƙofa. Aka fara aiki, ƙara ta cika wurin. Can wani ɗalibi yana riƙe da farantin ƙarfe da awartaki, ya riƙe shi a karkace, abokinsa na shirin sauke guduma. Filibus yana can ƙarshen shago da garkuwar fuska a hannu, ya yi masa alama da yatsu ya juya shi. Ɗalibin ya tsaya yana kallonsa bai gane ba. Buba kuwa, wanda ya yi watanni yana karanta hannu da fuskar mutane, tuni ya gane. Ya tashi ya kama hannun ɗalibin ya juya farantin, ya koma ya zauna.

Filibus ya dube shi. Ya sake yin wata alama, wannan karon shi ya yi wa. Buba ya tashi ya ɗauko abin da aka nuna. Sai Filibus ya jawo wani guntun ƙarfe, ya ja layi da alli, ya miƙa masa guduma da kurfin yanka ƙarfe. Na koma ofis na bar su.

Bayan an tashi Filibus ya leƙo ta taga, ko shigowa bai yi ba. "Akawu. Rubuta shi."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Akwai darasin lissafi da zane da kowane ɗalibi ke yi a aji, malamin kuma allo yake fuskanta in yana magana. Na je na roƙe shi ya sa Buba a gaba ta gefen da kunnensa zai kama, ya riƙa ba shi abin da ya rubuta ya kwafa. Ya yi, amma duk da haka da ƙyar Buba ya tsallake lissafin zangon farko. A shekara ta biyu wani ɗalibi ya tsaya bayansa yana kwaikwayon yadda yake magana da ƙarfi, Buba ya gan shi a gilashin taga, ya juyo ya kwaɗa masa mari. Firinsifal ya so ya kore shi. Filibus ya je ofishinsa da rigar aiki ya ce in soja ya tafi shi ma ya tafi. Aka tsaya a kan dakatarwa ta ɗan lokaci, aka kuma ja wa ɗayan kunne. Bayan haka na kan ga Buba da Filibus su biyu bayan an tashi, zaune a benci ɗaya a ƙofar shago, ba mai cewa komai.

Da Buba ya gama makaranta ya buɗe rumfa a Jimeta. Ƙofofin ƙarfe, tankunan ruwa, gyaran bodin manyan motoci, har masu jirgin fito a bakin Binuwai suna aiko masa. Malam Garba kansa in motar koyo ta tsage wajensa yake turawa. Ana gab da raba jiharmu Filibus ya ajiye aiki zai koma Numan, aka tambaye shi wa zai riƙe shagon, ya faɗi suna ɗaya bai ƙara ba. Aka yi ta kai da kawowa a kan maganar kunne, a ƙarshe aka ɗauki Buba.

Lokacin ɗauka na farko bayan ya kama aiki, ina zaune iyaye sun cika baranda, sai ga shi a bakin ƙofa da rigar aiki, alli a bayan kunne.

"Malam!" Duk baranda ta juyo. "Kafin ka turo mini kowa, taso ka gani."

Na ce, "Malam Buba, ai shagon walda na san shi tun kafin ka shiga soja."

Yana kallon bakina har na gama. Ya girgiza kai.

"Shagon Oga Filibus ka sani. Nawa daban. Na juya bencina duka, kowa yana kallona. Oga ba ya son bahago, ni ina so, na yi musu wuri ta bango. Kuma mai rawar kai kada ka kawo mini, ba zan ji shi in ya yi ihu ba. Taso."

Na dubi iyayen da ke jira, na ce su yi mini haƙuri kaɗan, don 'ya'yansu zan je. Na sa masinja ya kawo musu ruwa, na rufe akwatin tawada, na bi bayansa.